Mai Keke da Rana Tsaka: Shin Wahala Ita Kanta Ibada Ce?

A watan Afrilu, daga ƙarfe sha biyu zuwa wajen la'asar, duk wanda yake da wurin fakewa a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya fake. Ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki a jere, kwalta ta yi laushi, iskar da ke kaɗawa ma ƙuna take ƙarawa. Amma titi bai taɓa zama babu kowa ba. Akwai lebura da zai koma wurin gini, da malamin firamare da aka tashi makaranta, da ɗan aike, da mai biredi da ya ɗaure akwati a kariya, da mai jarkoki huɗu na ruwa a bayan keke, kowa yana taka feda kansa a sunkuye. Mutanen Maiduguri sun rungumi keke sosai tun da aka hana hawa babur a garin a 2011, kuma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur a Najeriya, kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru sun koma hannun masu faci. Abin da muke gaya wa waɗannan bayin Allah sananne ne: sannu da rana, a yi haƙuri, akwai lada. Gaisuwa ce mai kyau, ban ga laifinta ba. Sai dai a ƙarƙashinta akwai wani zato da ya kamata a tono shi a duba, zaton cewa azabar ranar ita kanta abin so ce a wurin Allah, har ma gwargwadon yadda ta gasa mutum gwargwadon kusancinsa da Ubangijinsa. Ni ina ganin wannan zato kuskure ne a addinance, kuma kuskure ne mai tsada, domin wanda ya fi cin ribarsa shi ne wanda yake da ikon rage wa mai keke ranar amma bai yi ba.

Kafin a shiga nassi, yana da kyau a san abin da ke faruwa a jikin mai keken, don hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin abin ne. Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa na ciki a wajen digiri 37. Tsokar da ke taka feda kuwa ba ta mayar da ƙarfin da take ƙonawa ya zama tafiya sai kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100, ragowar duk zafi ne da dole jiki ya fitar da shi. A ranar da yanayi yake da sauƙi, iskar da mai keke yake ketawa tana kwashe wannan zafin, shi ya sa hawan keke da sanyin safiya yake da daɗi. Fatar mutum tana wajen digiri 35, to da zarar iskar gari ta fi haka zafi, sai lissafin ya juya, iskar ta koma tana zuba wa jiki zafi maimakon ta ɗebe. Hanya ɗaya ta rage, ita ce gumi ya fito ya bushe. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a sa'a guda, kuma ruwan daga jininsa yake fita. Jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu don ta kai shi ga tsoka da fata lokaci guda, ƙoda ta matse. Idan zafin ciki ya haura digiri 40 sai ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya fara magana ba kan gado, ya faɗi, kuma idan ba a sanyaya shi da gaggawa ba ana iya rasa shi. Akwai wani haɗari da ya keɓanci mai keke: muddin yana tafiya iska tana busar masa da gumi har ya ɗauka lafiya lau yake, sai ya tsaya a cunkoso ko ya hau tudu da kaya, iskar ta ɗauke, zafin da ya tara ya taso masa gaba ɗaya.

To me shari'a ta ce game da wannan lokaci na yini? Ta yi magana, kuma a kan abu mafi girma bayan kalmar shahada ta yi ta. Kowane ɗalibi ya san falalar yin salla a farkon lokacinta. Duk da haka, ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Bukhari da Muslim, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a jinkirta azahar idan zafi ya tsananta har rana ta yi sanyi. Abu Zarri ya ba da labarin wata tafiya da ladani ya tashi zai yi kira aka ce ya dakata, ya sake tashi aka sake cewa ya dakata, har sai da suka ga inuwar tuddai ta miƙe. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kakanninmu suka karanta a zaure, ta kawo wannan hukunci, kuma al'adar da aka daɗe a kai a ƙasar Hausa ta yin azahar wajen ƙarfe biyu ba ta rasa nasaba da irin wannan karatu. A lura da abin da wannan umarni yake nufi. Mutumin da zai taka daga gidansa zuwa masallaci a tsakiyar rana, babu wata tafiya da ta fi tasa tsarkin manufa. In da zafin rana hanya ce ta ƙarin lada, to a nan ne ya fi dacewa a bar shi ya sha ta, a ma kwaɗaitar da shi. Sai aka matsar da lokacin don a kare shi. Wanda ya shar'anta sallar shi ne ya ba da damar ta jira inuwa. Idan haka ne, ban san da wace hujja za a ce agogon ofis, ko na makaranta, ko na ɗan kwangila, shi ba ya jira ba.

Kuma wannan ba hukunci ne guda da ya tsaya shi kaɗai ba. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Annabi yana huɗuba ya hangi wani mutum a tsaye, ana ce masa Abu Isra'ila, ya tambaya aka ce bakance ya yi cewa zai tsaya a rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. An tankaɗe bakancen kenan, aka riƙe abin da yake ibada ne a asalinsa, aka zubar da abin da yake azaba ce kawai, kuma tsayuwa a rana tana cikin abin da aka zubar. Haka dattijon da aka gani ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa, aka ce ya hau abin hawa, Allah ba ya bukatar ya azabtar da kansa. Wanda ya fi kama da halin ma'aikaci shi ne labarin Anas na wata tafiya a rana mai tsananin zafi, har mafi yawan inuwar da mutum yake da ita mayafinsa ne. Da aka sauka, masu azumi suka zube, waɗanda suka sha ruwa suka tashi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, aka shaida musu cewa su ne suka kwashe ladan wannan rana. Masu azumin sun fi su galabaita, babu shakka. Ladan dai ya bi amfanin da aka yi wa mutane.

Malaman usulu sun tattara waɗannan nassosi sun fitar da ƙa'ida. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya yi dogon bayani a littafinsa Muwafaƙat cewa shari'a ba ta nufin wahala don kanta, kuma bawa ba shi da damar ya nufi wahalar don neman girman lada. Abin da zai nufa shi ne aikin, in aikin ya zo da wahalar da ba ta rabuwa da shi, sai ya ɗauke ta, a ba shi lada a kan aikin da kuma jurewar. Kafin shi, Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya rarrabe tsakanin wahalar da ibada ba ta yiwuwa sai da ita, kamar sanyin ruwan alwala da asuba, da wadda ake iya raba ta da ibadar. Idan aka ɗora wannan a kan mai keke, amsar ta fito fili. Neman halal don ciyar da iyali aiki ne da ake ba da lada a kansa. Idan babu wata hanya sai ta keta rana, to ranar ta shiga cikin abin da Allah ba zai tozarta ba, kuma duk gajiya da ƙishirwar da ta sami mumini ana kankare masa zunubi da ita. Amma idan akwai hanyar isa ga wannan halal ɗin da hantsi ko da yamma, ko ta ƙarƙashin bishiya, ko da gorar ruwa a kariya, to barin wannan hanya ba ya ƙara masa komai. Ladan a jikin fitar yake, ranar kuwa abin da aka haɗu da shi ne a hanya.

Mai ilimi zai ce ban kawo dukkan nassosin ba, kuma ya yi gaskiya, akwai waɗanda a zahirinsu suke ja da abin da na faɗa. Mafi ƙarfinsu shi ne wanda Muslim ya ruwaito daga Ubayyu ɗan Ka'abu, game da mutumin da ya fi kowa nisa da masallaci amma salla ba ta wuce shi. Aka ba shi shawara ya sayi jaki don ya riƙa hawa cikin duhu da kuma lokacin da ƙasa ta yi zafi, ya ƙi, ya ce yana so a rubuta masa tafiyarsa da komowarsa, aka kuma yi masa bushara cewa Allah ya tara masa wannan duka. Ga Banu Salima da suka so su taso kusa da masallaci aka ce su zauna a unguwarsu, ana rubuta musu takunsu. Ga Nana A'isha da aka gaya mata ladan umararta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. Har da koken Khabbab cewa sun kai wa Annabi ƙarar zafin ƙasa a lokacin salla ba a biya musu bukata ba. Ba zan ce waɗannan ba su da nauyi ba. Sai dai a duba da kyau abin da aka yaba a kowannensu. Takun zuwa masallaci ibada ce da nassi ya ambace ta da sunanta, mutumin nan takun yake ƙirgawa, kuma zai samu ladan takun ko da sanyin asuba ya yi shi. Nana A'isha ba a ce ta zaɓi hanyar da ta fi wuya ba, an sanar da ita ne cewa abin da umarar ta ci mata ba zai faɗi banza ba. Game da Khabbab kuwa, malamai da dama sun ce al'amarin ya gabaci umarnin jinkirtawa, wasu suka ce jinkirin da suka nema ya wuce wanda aka yarda. Akwai kuma wani bambanci da ya fi waɗannan duka muhimmanci a wurina. Mutumin da ya ƙi jakin, shi ya zaɓa wa kansa, da ƙafarsa, a tazarar da ya san jikinsa zai ɗauka. Waɗanda suka ba shi shawarar sayen jaki kuma ba a zarge su ba, tausayinsu yana wurinsa. Babu inda aka ce wani ya hana wani jaki don ya tara masa lada.

Akan kuma jawo yaƙin Tabuka, a shekara ta 9 bayan hijira, wato 630, inda Suratut Tauba ta zargi waɗanda suka hana mutane fita da hujjar zafi, ta tuna musu da wutar da ta fi shi. Wannan gajeriyar amsa yake bukata. Fita ce ta gaba ɗaya da shugaban al'umma ya kira don tunkarar barazana daga iyakar Rumawa, waɗanda aka zarga kuma munafukai ne da suka fake da zafi alhali ƙin fitar ne a ransu. Surar da kanta ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya da waɗanda ba su da guzuri. Ayar ta nuna akwai wajibin da ya fi zafi girma, wannan kuwa babu mai musu. Ba ta mayar da duk wani aikin da wani mai gida ya tsara da ƙarfe ɗaya na rana ya zama Tabuka ba. Littafin da ya kawo wannan aya shi ne ya lissafa inuwa da tufafin da ke kare zafi cikin ni'imomin Allah a Suratun Nahl, ya kuma ambaci tsakar rana a Suratun Nur a matsayin lokacin da mutane suke tuɓe kaya su huta, har ya sa yara da masu hidima su nemi izini kafin su shiga.

Wata hujjar ba daga littafi take zuwa ba, daga majalisa take zuwa: mu 'ya'yan rana ne, a cikinta aka haife mu, iyayenmu sun yi noma da fatauci a cikinta, wannan tsoron zafi na mutanen ƙasashen sanyi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Jiki yana sabawa, cikin mako ɗaya zuwa biyu na aiki a zafi mutum yakan fara gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri, zuciyarsa ta samu sauƙi. Amma sabo yana da rufi, ba ya canza digirin da ƙwaƙwalwa take rikicewa a kai, kuma ba ya maye gurbin ruwan da ya fita. Sannan iyayen da ake kafa hujja da su, su ne suka fi kowa girmama rana. Manomi yakan yi sammako ya dawo kafin ta take, matafiyi yakan yada zango a gindin tsamiya ya jira ta karya, ƙailula kuwa ba a ɗauke ta lalaci ba. Gidan ƙasa mai kaurin bango da lungu mai inuwa su ma dabarun zama da rana ne. Mu ne muka karɓi jadawalin aiki da aka tsara a ƙasashen da tsakar rana ba ta kisa, muka shimfiɗa kwalta, muka rufa kwano, muka sare bishiyoyin bakin hanya don faɗaɗa titi, sannan muka ce wa mai keke ya yi irin juriyar kakansa. Ranar ma ba ta tsaya inda take ba. Ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na wannan wata, ana cikin azumi, wutar lantarki tana ɗaukewa. Mutanen Mali ba baƙin rana ba ne.

Sai maganar ajali, wadda ita ce mafaka ta ƙarshe: wanda kwanansa ya ƙare zai tafi ko yana cikin inuwa. Haka ne, kuma babu musulmin da zai yi jayayya. Sai dai sahabbai sun riga sun yi wannan muhawara sun gama ta a kan hanyar Sham, lokacin annobar Amwas, da Sayyidina Umar ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata. Ƙaddara ta haɗa da sababi. A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301, suka ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin hajji, sun yi doguwar tafiya a rana babu tanti babu mota. Muna yi musu kyakkyawan zato, muna roƙa musu rahama. Amma rabon mutuwar ya bi rabon inuwa, a wuri mafi tsarki, cikin ibada mai girma, tsakanin mutanen da niyyarsu ɗaya ce. Wanda ya ga wannan ya ce babu ruwan inuwa da ajali, ya ƙi karanta abin da Allah ya sa a gabansa.

A nan ne nake ganin maganar ta bar kan mai keke ta koma kanmu. Haƙuri ibada ce ta wanda abin ya sama, tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma mai keken da ya riƙe shi ya riƙe abu mai daraja. Amma idan kalmar ta fito daga bakin wanda ya tsara lokacin, ta tashi daga nasiha ta koma hanyar wanke hannu. Shari'a ba ta ɗora wa mai gida aikin tuna wa yaronsa lada ba, ta ɗora masa wani abu dabam, wanda ya zo a hadisin Abu Zarri game da masu hidima: kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taimaka musu. Canza lokaci kuma ba mafarki ba ne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana hana aiki a filin rana daga 12:30 zuwa 3:00, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ƙatar ta faɗaɗa tata dokar a 2021, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30. Ba na cewa waɗannan ƙasashe sun gama sauke hakkin leburorinsu, an sha sukarsu a kan haka kuma da dalili. Abin da nake nunawa shi ne doka tana iya sanin rana. Duniya ta ɗage gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta 2022 daga lokacin da aka saba zuwa Nuwamba saboda zafin Ƙatar, tseren keke na Burkina Faso ma, wanda ake yi tun 1987, wajen ƙarshen Oktoba ake fara shi, ba a bazara ba. 'Yan wasa kenan, matasa masu horo da likita a bayansu. Makarantar da take sallamar yara da malamansu da ƙarfe ɗaya ko biyu a watan Afrilu, da ma'aikatar da take aika masinja a wannan lokaci da takardar da za ta iya kwana, suna iya matsar da sa'o'insu na wata biyu ko uku ba tare da an rasa komai ba.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce ai keken ne matsalar, alamar talauci ce, a yi fatan kowa ya samu babur ko mota a huta. Ban yarda ba. Keke na cikin abubuwan hawa mafiya adalci da ɗan Adam ya ƙera, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, mai faci na bakin hanya yana gyara shi, kuma da ƙarfin da mutum zai yi tafiyar kilomita ɗaya a ƙasa yana kai shi uku ko fiye. A mafi yawan watannin shekara, da mafi yawan sa'o'in yini, lafiya yake ƙara wa mai shi. Motar da ake fata kuwa, na'urar sanyinta waje take turo zafin, kan wanda ke gefenta, hayaƙinta kuma yana cikin abin da ke ɗumama duniyar baki ɗaya. Mai keke yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin hannu a ƙaruwar zafin nan, kuma shi yake fara shan sa. Wannan kaɗai ya isa ya sa maganarsa ta zama ta hakki, ta wuce ta tausayi.

Shi ma mai keken akwai abin da ke kansa, don jikinsa amana ce a hannunsa, kuma an hana mumini jefa kansa cikin halaka. Ya yi sammako in zai yiwu, ya sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama shi, ya rufe kansa, ya jiƙa rigarsa, ya rage kaya da sauri. In ya ji jiri ko amai ko ciwon kai mai sara, ya sauka ya nemi inuwa, wannan ba ragwanci ba ne. In aka ga ya rikice, a kwantar da shi a inuwa a yi ta kwara masa ruwa ana fifita kafin a kai shi asibiti, kada a tsaya ana cewa iska ce ta buge shi. Batun azumi ya fi laushi, kuma na malamai ne su yi fatawa ga kowane mutum da halinsa. Amma littattafan Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan mai girbi da makamantansa: ya kwana da niyya, ya fita aikinsa, in wahala ta tsananta ya sha ya rama, in kuwa ya ji tsoron halaka to shan ya zama wajibi. Mutane da yawa da suke taka keke da azumi a bazara ba su taɓa jin wannan daga mumbari ba, abin da suka ji shi ne falalar ƙishirwa.

Akwai dai wanda duk wannan magana ta canza lokaci ba ta kai gare shi, kuma shi ne mafi wuyar sha'ani. Mai ƙanƙara da ruwan leda da zoɓo mai sanyi, kasuwarsa ita ce tsakar ranar, in ta yi sanyi cinikinsa ya mutu. Ba shi da mai gida da za a ce ya sassauta masa, cikinsa da na 'ya'yansa ne suke aikensa. A gaya masa ya zauna a gida har la'asar daidai yake da a ce ya kwana da yunwa, kuma wahalarsa tana cikin wadda ba ta rabuwa da aikin, irin wadda malamai suka ce ana ba da lada a kanta. Abin da ya rage a kansa shi ne hanyar da yake bi, ita kuwa ta jama'a ce. Musulunci yana da tsohon tarihi a nan. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa mutane. Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa wajen gina tafkuna da rijiyoyi da zango-zango a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau hanyar da sunanta ake kiranta. An kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda yake ɓata inuwar da mutane suke hutawa a ciki da bayan gida, to ina ga wanda ya sa zarto ya kawar da inuwar ɗungurungum. Randar da ake girkewa a ƙofar gida da moɗa a kai don mai wucewa, da layukan darbejiya da suka rufe tsofaffin titunan Maiduguri, daga wannan fahimta suka fito ko suka dace da ita. Unguwa guda a Kano ko Zariya tana iya samun masallatai biyar a tazarar da ba ta kai kilomita ba, kowanne da mai kuɗin da ya gina shi, alhali titin da ya haɗa su babu bishiya ko rumfa ko famfo. Darbejiya tana jure fari, in an kare ta daga awaki aka ba ta ruwa a rani biyu na farko takan riƙe kanta, kuma cikin 'yan shekaru tana yin inuwar da mutum zai jingine kekensa ya zauna. Kwamitin masallaci da yake tara kuɗin tayil da fenti yana da ikon ware wani abu don dashe da tankin ruwa a bakin titi, kuma hukumar da take ba da kwangilar hanya tana iya rubuta bishiyoyin cikin takardar kwangilar tun kafin a fara aiki.